Hanyoyin Rage Kuɗin Wuta, Mai Da Girki Ga Magidantan Yola Da Jimeta

YOLA — Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuɗin da magidanci yake kashewa wajen haskaka gidansa, da sanyaya shi, da dafa abinci ya shiga sahun manyan ɗawainiyoyin wata, kafaɗa da kafaɗa da cefane da kuɗin makarantar yara. Litar mai da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin wannan rana ta kai Naira 617 a Abuja cikin watan Yuli na shekarar, sa'an nan ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. A jihohin arewa maso gabas, inda tankoki suke shafe kwanaki a hanya kafin su iso, farashin kan ɗara na sauran wurare.

Wannan al'amari ya fi ƙamari a unguwannin da suke gefen gari, irin su Mbamba da ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, inda jama'a suke sayen fili su gina nasu na kansu. Mai gidan kansa ya huta da kuɗin haya, amma duk wata ɗawainiyar mita, da waya, da janareta, da famfon tura ruwa tana wuyansa. Sai dai kuma yana da damar da ɗan haya ba shi da ita, domin shi ne mai ikon gyara rufi, da dasa itace, da ɗora farantin hasken rana a saman gininsa. Abin da ya rage masa shi ne sanin inda kuɗin yake zurarewa, da kuma abin da ya kamata ya fara gyarawa.

Farashi uku na wuta ɗaya

Ma'aunin da ake sayar da lantarki da shi shi ne yunit, watau ƙarfin wat 1,000 da aka yi aiki da shi na tsawon awa guda. Gida ɗaya a Yola yana iya samun wannan yunit ta hanyoyi uku, kowace da farashinta.

Hanya ta farko ita ce wutar Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola, wanda aka fi sani da YEDC, mai kula da jihohin Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2013, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2015 saboda rikicin arewa maso gabas, daga bisani kamfanin Quest Electricity ya karɓe shi a farkon 2022. Tun daga 2020 Hukumar Kula da Harkar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta kasa masu shan wuta gida biyar bisa yawan awoyin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, rukunin B awa 16, rukunin C awa 12, rukunin D awa 8, rukunin E awa 4. A ranar 3 ga watan Afrilu na 2024 hukumar ta ɗaga farashin yunit na rukunin A daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225, aka sassauto da shi zuwa Naira 206.80 a watan Mayu, aka kuma mai da shi Naira 209.50 a watan Yuli. Sauran rukunan ba a taɓa farashinsu a wancan lokaci ba.

Hanya ta biyu ita ce janareta. Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9, amma ƙaramin injin gida ba ya fitar da fiye da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu daga cikinta, saura kuwa zafi ne da hayaƙi da ƙara. Wannan ma sai an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. A ɗauki misalin gidan da yake tayar da matsakaicin inji na awa 5 kowane dare, domin fankoki da fitilu da talabijin waɗanda jimlarsu ba ta wuce wat 500 ba. Injin zai sha kusan lita 4, ya ba da yunit biyu da rabi. Idan an ƙaddara lita a kan Naira 900, an kashe Naira 3,600 ke nan a dare guda, kowane yunit ya tsaya a kan fiye da Naira 1,400, kusan ninki bakwai na farashin rukunin A. A wata kuwa kuɗin ya kama Naira 108,000, ban da baƙin mai da gyara, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne.

Hanya ta uku ita ce hasken rana, wadda kuɗinta a farko ake zuba shi gaba ɗaya, daga nan sai canjin batir bayan wasu shekaru.

Darasin da ke cikin wannan lissafi a fili yake ga duk wanda ya saba da kasuwa. Aikin da ke cin wuta da yawa, kamar guga, da tura ruwa zuwa tanki, da daskarar da ƙanƙara, a yi shi lokacin da wutar kamfani take nan, ko da tsakar dare ne. Janareta kuwa a ɗauke shi a matsayin bashi mai ruwa, wanda ba a cinsa sai dole.

Mita da littafi

Ɗan kasuwar da ba ya rubuta shige da fice ba ya sanin inda jarinsa ya karye. Haka gida yake. Matakin farko shi ne samun mita mai kati, domin wanda ake yi wa bil na ƙiyasi ko ya kashe dukan fitilunsa ba zai ga ragi a takarda ba, don haka ba shi da abin da zai zaburar da shi ga tattali. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin raba mitoci kyauta a 2020, akwai kuma tsarin da mutum zai biya kuɗin mita da kansa ta hannun dillalan da aka amince da su, a riƙa mayar masa da kuɗin sannu a hankali ta hanyar ƙarin yunit. Har ila yau, tun watan Fabrairu na 2020 hukumar NERC ta ƙayyade iyakar yunit da kamfani zai iya rubuta wa marar mita a wata. Wanda ya ga an zarce masa wannan iyaka, ko kuwa ana karɓar kuɗin rukunin A a unguwarsu alhali awoyin ba sa cika, yana da haƙƙin rubuta ƙorafi ga kamfanin, idan bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa ofishin sauraron koke-koke na hukumar. Zagaye mita da waya kuwa laifi ne da Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadar wa hukunci, ga kuma haɗarin gobara.

Bayan mita sai littafi. Magidanci ya rubuta abin da mita ta nuna kowace safiya har tsawon mako biyu, ya rubuta litocin da aka zuba wa inji, da ranar da aka cika tukunyar gas da ranar da ta ƙare, da kuɗin itace ko gawayi. A jikin kowace na'ura akwai ɗan rubutu da ke nuna yawan wat ɗinta. A ninka wannan da awoyin aikinta, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da take ci a rana. Masu gidajen haya kuma su raba wa kowane ɗan haya mitarsa, domin kuɗin wuta na tarayya shi ne tushen rigimar da ba ta ƙarewa a gidajen Jimeta, kuma kayan da ba a san mai biya ba babu mai tattalinsa.

Zafi ne babban mai cin kuɗi

A Yola ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kwarin kogin Binuwai kuma yana riƙe zafin har cikin dare. Saboda haka mafi yawan wutar gida a yaƙi da zafi take tafiya. Fankar sama irin ta da tana cin kimanin wat 75. Guda huɗu, awa 12 a rana, sun ci yunit 3.6. Sababbin fankoki masu ƙaramin ci suna aiki da wajen wat 30, wanda ya rage kusan yunit 65 a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa tana cin sama da wat 1,000, daidai da fankoki goma sha biyar. Idan ta kwana tana aiki awa 8 tana iya lashe yunit 9, watau kimanin Naira 56,000 a wata bisa farashin rukunin A na Yulin 2024. Wanda ya saita ta a digiri 25 ko 26 maimakon 16, ya haɗa ta da fanka, ya toshe ƙasan ƙofa, ya wanke matatarta daga ƙura duk mako biyu, zai ga bambanci, domin kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage cin wuta da kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari.

Sai dai gyara mafi ɗorewa a jikin ginin yake. Mafi yawan zafin da ke shiga gidan ƙasa ta rufi yake shigowa. Kwanon rufi, musamman mai duhun launi da ake yayi yanzu, yana iya kai digiri 60 zuwa 70 da tsakar rana, ya yini yana gasa silin, bulon siminti kuma ya adana zafin ya riƙa sakinsa bayan magariba. Shi ya sa ɗaki yakan fi tsakar gida zafi da daddare. Magunguna kaɗan ne kuma sanannu: kwano mai haske ko wanda aka shafa wa farin fenti, shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, barin ƙofofin iska a ƙarƙashin rufi domin iskar da ta yi zafi ta samu mafita, da tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa. Bangon yamma shi ne wanda rana ta fi duka daga azahar zuwa la'asar sakaliya, don haka can ya fi dacewa da baranda, ko rumfa, ko dogon yaro da mangwaro. Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi a 2017, wadda ta yi magana a kan tare zafin rufi da girman tagogi da inuwarsu. Magina na da, masu kaurin bangon ƙasa da rufin soro, sun san wannan hikima tun kafin a rubuta ta. Wanda bai riga ya ɗora rufi ba a Mbamba yana da damar yin wannan gyara da ɗan ƙarin kuɗi, alhali wanda ya gama gini sai ya kashe ninkinsa.

Game da fitilu, lissafin gajere ne. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, guda goma, awa 6 a dare, yana cin yunit 108 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kwatankwacinsa da yunit 16 kacal, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi. Firiji da firiza su ma a duba su. Tsohon firiza na gwanjo wanda robar murfinsa ta saki yana iya cin ninki biyu na sabo. A nisanta shi da bango da wurin girki, kada a zuba masa abinci da zafinsa. Randa ma ba ta tsufa ba: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana adana tumatir da ganye na kwanaki ba tare da yunit ko ɗaya ba, musamman lokacin rani da iska take bushe.

Madafa

A gidaje da yawa kuɗin girki ya fi na lantarki, amma da yake kullum ake fitar da shi kaɗan-kaɗan, maigida ba ya ganin jimlarsa. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya fara ɓacewa daga madafai. Iskar gas, wadda jama'a suka koma gare ta, ta yi tsada ita ma, har cika tukunya mai kilo 12.5 ya haura Naira 15,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, duk da cewa gwamnati ta ɗauke mata harajin kayan masarufi. Wannan ya mai da gidaje da yawa ga itace da gawayi, waɗanda ake yo wa tafiya mai nisa cikin daji, kuɗin mota kuma ya hau kansu.

Murhun duwatsu uku ba ya isar da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itace ga tukunya, sauran iska ce take kwashewa. Ingantaccen murhu mai bango, na laka ko na ƙarfe, yana rage cin itace da sulusi zuwa rabi, akwai kuma irin Save80 da ake haɗawa a Kano, wanda ƙananan ƙirare suke isarsa. Kurfoti mai rufin laka a ciki shi ma ya fi na zallan ƙarfe riƙe zafin gawayi. Ribar ba ta tsaya ga aljihu ba, domin hayaƙin girki yana cutar da ƙirji da idanun mata da ƙananan yara, dalilin da ya sa Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar tsabtataccen girki ta ƙasa a watan Maris na 2024.

Akwai kuma dabarun da uwargida ta fi maigida sani: jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, rage wuta da zarar an tafasa, da busasshen itace maimakon ɗanye. Tukunyar matsin tururi tana dafa wake da ganda a ƙasa da rabin lokacin da aka saba. Shinkafa ko wake da suka tafasa, idan aka sauke aka naɗe tukunyar cikin bargo a kwando, za su ƙarasa nuna da kansu. Gidan da ke da gas da itace duka, ya bar gas ga shayi da ɗumame da girkin gaggawa, ya bar doguwar sanwa ga ingantaccen murhu. Hitar ruwa da murhun lantarki kuwa kowannensu yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, kada a kuskura a ɗora su a kan janareta ko batir.

Hasken rana: jari ne, a yi masa lissafin jari

Wutar da ke zuwa Yola ta dogon layi guda take biyowa daga Jos zuwa Gombe, kafin ta iso nan. A watan Afrilu na 2024 ɓarayin ƙarfe suka kayar da turaku huɗu a kan layin Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas suka shafe makonni cikin ƙarancin wuta a tsakiyar zafin bazara. A watan Oktoba na shekarar kuma mafi yawan arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Waɗannan abubuwa biyu, tare da tsadar mai, su ne suka buɗe kasuwar farantan hasken rana a Jimeta. A duniya ma farashin farantin ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, saboda yawan ƙera shi a ƙasar Sin, ko da yake faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yuni na 2023 ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi.

Yankin Yola yana samun kwatankwacin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a yini. Faranti mai jimlar wat 1,000 yana iya ba da kusan yunit 4 a rana bayan an cire abin da ke salwanta a waya da batir. A nan ne amfanin gyare-gyaren da aka ambata a baya yake fitowa. Gidan da ya sauya fitilu da fankoki, yake da talabijin ɗaya da ƙaramin firiji mai kyau, buƙatarsa ba ta wuce yunit 4 a rana ba. Gidan da bai sauya komai ba yana buƙatar wajen yunit 10, watau kusan ninki biyu da rabi na faranti da batir. Duk Nairar da aka kashe wajen rage ci tana rage Nairori da yawa daga kuɗin kafa sola.

Lissafin mayar da uwar kuɗi kuwa mai sauƙi ne: a raba kuɗin kafawa da abin da ake kashewa a mai duk wata. Idan an ce aikin ya ci Naira miliyan ɗaya da rabi, ya kuma maye gurbin janaretan nan mai cin Naira 108,000, kuɗin ya dawo cikin wata 14. Wanda yake samun wutar kamfani awa 16 a kan farashi mai sauƙi kuwa, nasa zai daɗe kafin ya dawo, kuma wataƙila inbata da batir kaɗai sun ishe shi.

Batir shi ne inda aka fi yin asara. Batirin dalma mai ruwa ba ya shiri da zafi, domin duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin tsawon rayuwarsa, haka nan idan ana zuƙe shi har ƙasa kullum. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana yin shekaru da yawa fiye da na dalma. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai saye ya nemi takardar garanti a rubuce, ya ajiye batir a ɗaki mai iska, ya tabbata an sa waya mai kauri da na'urar kariya daga tsawa, an kuma karkata farantin kaɗan ya fuskanci kudu inda inuwar itace ko tanki ba ta faɗa masa. Lokacin hunturu ƙura tana rufe farantin ta rage ƙarfinsa, don haka a wanke shi da sassafe ko da yamma sau ɗaya a mako. Ga mai rijiyar burtsatse, famfon da ke aiki kai tsaye da rana ba ya buƙatar batir ko kaɗan, tankin da ke sama shi ne ma'ajiyarsa.

Abin da ya shafi 'yan kasuwa

Wannan sauyi kasuwa ce ga mai ido. Dillalan kayan lantarki na babbar kasuwar Jimeta, da masu sayar da kayan gini, da maƙera masu ƙera murhu, da matasan da suka koyi haɗa sola, duk suna da rabo a ciki. Buntun shinkafa da ake tarawa a injinan casa na bakin Binuwai ana iya matse shi ya zama makamashin girki. Babban cikas ga magidanci shi ne tara kuɗin farko, don haka dillalin da ya fito da tsarin biya kashi-kashi, ko ƙungiyar ma'aikata da ta shirya adashe domin wannan buƙata, su ne za su ci kasuwar. Mai gina gidajen haya kuma ya sani cewa gida mai sanyi, mai mitar kansa, ya fi saurin samun mai kamawa.

Ga magidanci kuwa, tsarin kashe kuɗin shi ne: mita da littafi tukuna, sa'an nan fitilu da fankoki da murhu, sa'an nan rufi da inuwa, daga ƙarshe faranti da batir daidai da abin da littafin ya nuna. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, kafin zafin Maris ya kawo rububin masu saye, masu gyara kuma su yi wuyar samu.